Muzurun da ke dambe a tsohuwar telen kawu

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Tawa, ga wasiƙarsa a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekaruna 39. Ina ɗan lekol, wajen 1996, kawuna ya dawo daga Abijan da na'urar wasan tele da kaset-kaset masu ruwan ɗorawa. Akwai wanda muka fi so, muna ce masa Muzuru Ɗan Dambe. Abin da na riƙe shi ne muzuru yana tafiya da ƙafa biyu, yana harba wani dunƙulen hannu mai tsawo, karnuka na tare masa hanya, kuma kafin a fara akwai wata tele a cikin telen inda ake zaɓen wurin zuwa. Telenmu ba ta nuna shi da kala. Kawu ya rasu bara, tun daga nan wasan ya tsaya mini a rai, har kiɗansa nake ji in na kwanta. Abokai sun ce Felix ne, na duba, ba shi ba ne. Na sa an sayo mini wata ƴar na'ura daga Yamai mai wasanni 620 a kan jika 15, babu shi a ciki. Mai ɗakina ta ce abin yara ne, ni kaina har kunya nake ji. Ina son ɗana mai shekara 8 ya gan shi. Ta ina zan fara, ko dai in haƙura?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kawu, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Kada ka bar neman, don abin da ka riƙe a kai ya isa a gano wasan, kuma muna kyautata zaton mun gane shi.

Siffar da ka bayar ta Rockin' Kats ce, wanda kamfanin Atlus ya fitar a 1991 don tsohuwar na'urar Nintendo mai bit 8, wadda ake kira NES. A Japan sunansa N.Y. Nyankies. Ka rubuta sunayen biyu ka ajiye, kowanne zai yi maka rana. Muzurun sunansa Willy, shuɗi ne, wani ƙaton kare da ake kira Mugsy ya sace masa budurwa, shi ya sa karnuka suka cika hanya. Dunƙulen hannun nan bindiga ce mai harba safar dambe a kan ƙarfe mai miƙewa, kuma aikinta ya wuce duka. In ka harba ta sama a karkace ta kama gefen bene, sai muzurun ya yi lilo da ita ya wulla kansa gaba. In ka naushi ƙasa da ita, sai ta cilla shi sama. Telen da ke cikin tele kuwa ita ce babbar shaida. An tsara wasan kamar shirin talabijin, kowane mataki tasha ce da kake zaɓa: akwai ta titunan birni, ta jiragen sama, ta filin wasan yara, ta ƴan kaboyi, ga kuma tashar kanti inda ake sayen kayan faɗa da kuɗin da aka tsinta a hanya. Muzuru da safar dambe da karnuka da tashoshin tele duk a kaset guda, wannan haɗin nasa ne.

Abokanka ba su yi nisa da gaskiya ba. Felix the Cat, wanda Hudson Soft ya fitar a 1992, shi ma muzuru ne mai tafiya da ƙafa biyu, kuma makaminsa na farko safar dambe ce da ke fitowa daga jakar tsafinsa. Shi ya fi yawo a hannun yara, saboda haka duk wanda aka ce wa muzuru mai naushi, Felix zai faɗo masa. Amma Felix baƙi ne, yana tara ƴan kawunan kyanwa, in ya sami zuciya ya rikiɗa ya shiga tankar yaƙi ko balan-balan ko jirgin ƙarƙashin ruwa, kuma tsakanin mataki da mataki wayar tarho ce ake buga masa, ba tasha ake zaɓa ba. Da a ce telenku ta nuna kala, shuɗi da baƙi da sun raba gardamar tuni.

Rashin kalar ma yana da dalili, kuma dalilin zai taimake ka. A wancan lokaci Nijar, kamar yawancin ƙasashe rainon Faransa, da tsarin kala na SECAM take watsa talabijin, yawancin telen da ke gidaje shi kaɗai suka sani. Na'urorin da fatake ke shigowa da su kuwa ba na Nintendo ba ne na asali, kwafe ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, galibinsu da tsarin PAL suke fitar da hoto. PAL da SECAM sun yarda da juna a kan yawan layuka da gudun hoto, 50 a daƙiƙa, sun saɓa a kan yadda ake ɗauko kala. Sakamakon shi ne hoto ya tsaya cak ba ya birgima, amma fari da baƙi. To wannan ya nuna mana na'urar kawu mai 50 ce. Ka riƙe wannan lamba.

Sunan ma ba laifin ƙwaƙwalwarka ba ne da ya ɓace. Masu buga kaset na jabu sukan manna hoton da ya fi jan ido ko da bai haɗa komai da abin da ke ciki ba, sukan goge sunan kamfani da shekara daga shafin farko, wani lokaci har sunan wasan. Wasu sukan cire kan jarumin su dasa na Mario: wanda yara suka sani da Mario 6 asalinsa Tiny Toon Adventures ne, mai suna 7 Grand Dad kuwa The Flintstones ne, Mario 10 wasan Jackie Chan ne, Mario 16 kuma Joe & Mac. Yaran da suka taso da irin waɗannan kaset, kowace unguwa da sunan da ta raɗa wa wasa.

Kafin ka sake fitar da ko dala, ka tabbatar. Ka buɗe YouTube ka rubuta Rockin' Kats NES longplay, kalmar ƙarshen ita ke kawo bidiyon da aka buga wasan daga farko har ƙarshe ba tare da surutu ba. Ka sauke ingancin hoton zuwa 240p ko 360p don kada datarka ta ƙare a banza. Ba ka rasa komai, domin ita kanta na'urar ɗigo 256 a kwance da 240 a tsaye take zanawa. Shawararmu, minti na farko ka kifa wayar ka saurara kawai. Kunne ya fi ido riƙon irin wannan abu, balle kai da ka san shi ba kala. In kiɗan ya yi kama amma ka ji kamar ana korarsa, kada ka ce ba shi ba ne. An yi wasan don telen Japan da Amurka mai hoto 60 a daƙiƙa, ku kuwa a 50 kuka buga shi, wato komai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida: tafiyar muzurun, faɗuwarsa, takun kiɗan. Abin da ke kanka shi ne mai sanyin, bidiyon kuma mai saurin yake nunawa. Mutane da yawa sun wuce wasan da suke nema saboda wannan bambancin kaɗai.

Idan ka kalla zuciyarka ba ta amsa ba, to sai a koma bincike, kuma akwai yadda ake yinsa. Ka sami takarda ka rubuta abin da ka gani da idonka daban, abin da kake zato daban. Ka tambayi ƴaƴan kawu da sauran waɗanda kuka yi layi tare, amma ɗaya bayan ɗaya, kada ka fara gaya musu naka, don tunani yana da saurin kwaikwayo, wanda ya fara magana shi sauran ke bi. Tambayoyin da ke rage hanya su ne waɗannan: da me jarumin ke duka, me yake tarawa, me ke faruwa in an taɓa shi sau ɗaya, mutum biyu na iya bugawa lokaci guda ko sai an karɓi juna. Manet ɗin ma, wato abin riƙewa mai maɓallai, shaida ce. Maɓalli biyu, ko huɗu waɗanda biyu na sama maimaicin na ƙasa ne masu saurin harbi, dangin Nintendo mai bit 8 ke nan. Uku a jere, A da B da C, da baƙar kaset mai zagayayyen kai, wannan Mega Drive ce ta Sega, sai nema ya koma wani gida. Da waɗannan amsoshin za ka iya bin jerin wasanni a shafin intanet na MobyGames, inda ake tacewa da na'ura da shekara, kana duba hotuna. Amma da wuya ka kai nan.

Jika 15 ɗin da ka kashe kuma, ga abin da ya faru. Ƙananan na'urorin nan masu 620 ba su da ramin kaset, abin da aka zuba musu a masana'anta shi ke nan, kuma lissafin cike yake da maimaici: wasa ɗaya a sauya masa suna, ko a fara shi daga mataki na uku, a ƙirga shi sabo. Haka tsofaffin kaset masu alƙawarin 9999999 suke. Yawancin abin da ke cikinsu ƙananan wasanni ne irin su Battle City da Duck Hunt da Circus Charlie, waɗanda ba su wuce kilobayit 40 ba, girman Super Mario Bros. na farko ke nan. Wasa irin naka ya kai wajen kilobayit 256, yana kuma buƙatar wani ƙarin guntu a cikin kaset mai jujjuya ma'ajiya, shi ya sa a da yakan zo shi kaɗai ko cikin kaset mai wasa huɗu. Duk da haka kada ka jefar da ita. Ka zauna ka bi lissafin a tsanake, ka duba ƙarƙashin N da R da duk sunan da ke da Cat ko Kat, don sukan gurɓata suna.

Hanya mafi sauƙi ta buga shi tana aljihunka. Kowace wayar Android ta ƴan shekarun nan tana iya kwaikwayon wannan na'ura ba tare da ta yi gumi ba. Manhajar RetroArch kyauta ce, tana da ɗan nauyi, gara ka sauke ta inda akwai wifi, kuma ana iya mayar da ita Faransanci. A cikinta za ka shiga Online Updater, sai Core Downloader, ka zaɓi FCEUmm a ƙarƙashin NES. Shi ne injin da zai karanta wasan. Bayan ka loda wasan ta Load Content, ka buɗe Core Options ka nemo Region, za ka ga NTSC da PAL da Dendy. Ka zaɓi Dendy. Sunan wata na'urar kwafe ce da ta cika Rasha daga 1992, gudunta irin na na'urorin da suka shigo mana ne, nan take kiɗan zai koma takun da ka sani. Mutane kan yi kuskure su zaɓi PAL, wanda na'urar Turai ta asali yake kwaikwaya, ba irin ta kawu ba. In kana son ka ga hoton yadda ka san shi, ka rage kalar allon har ƙasa na ɗan lokaci.

Kada ka wahalar da kanka da maɓallan kan gilashi. Wasan lilo ne, sai ka danna sama da gefe tare, ka harba, ka saki a daidai lokaci, kuma yatsa ba ya jin inda yake a kan gilashi. Ka sayi manet mai wayar USB da ɗan mahaɗin OTG wanda ya dace da bakin cajin wayarka, ko Type-C ko ƙaramin na da. In ka jona ba ta amsa ba, ka duba cikin saitin waya, wasu sai an kunna OTG da hannu, kuma yakan kashe kansa in an bar shi minti 10 ba aiki. Manet mai Bluetooth tana yi, sai dai mai araha takan yi jinkiri, ka danna yanzu muzurun ya yi tsalle an jima. A wasan da hoto ke sauyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, wannan ɗan jinkirin ya isa ya jefa ka rami.

Sai maganar fayil ɗin wasan, a nan ne ake cutar mutane. Na gaskiya da .nes yake ƙarewa, ko ya zo cikin .zip, kuma bai kai rabin megabayit ba. Duk shafin da ya miƙo maka .apk ko .exe da sunan wasan, ko ya ce ka sa lambar waya, ko fayil ɗin ya kai megabayit 20, ka rufe shi. Wayar da kake ajiye kuɗi a cikinta ba wurin gwaji ba ce. Kuma mu faɗa maka gaskiya, tsufan wasa bai fitar da shi daga hannun masu shi ba. Atlus yana nan, yana ƙarƙashin Sega tun 2013, Hudson Soft kuma ya narke cikin Konami a 2012. Inda aka sake fitar da wasa a kasuwa, saye shi ne hanya mai tsabta: Konami ya sake fito da Felix a 2024, Capcom kuma ya tara DuckTales da Chip 'n Dale da Darkwing Duck da TaleSpin cikin The Disney Afternoon Collection a 2017. Wanda ya mallaki kaset ɗinsa kuwa hankalinsa ya fi kwanciya.

Mun lura a wasiƙarka ba wasan kaɗai kake kewa ba, har da kaset ɗin mai ruwan ɗorawa da ƙarar da yake yi in an danna shi cikin rami. Saboda haka kafin ka tafi kasuwa, ka fara da gidan kawu. Ka gaida iyalinsa, ka roƙi a duba maka tsofaffin akwatuna da adaka da saman kwaba. Irin waɗannan kaya ba a cika zubar da su ba, mantawa ake yi da su, kuma kaset ya fi na'ura tsawon rai nesa ba kusa ba. Idan an samu, ka tuna kayan gado ne, ka nemi yardar magada a fili ko da abin bai kai komai ba a idonsu. In ba a samu ba, sai ƴan gwanjon kayan wuta da masu gyaran rediyo da tele, nan Tawa, ko Ƙonni, ko kasuwar Katako a Yamai inda tsofaffin kaya ke taruwa. Masu zuwa Kano ma ana iya ba su saƙo. Akwai sababbin kaset masu ɗauke da manyan wasanni ɗari da wani abu, amma kada ka yi cinikin biri a sama. A kunna a gabanka, ka ga sunan a lissafi, ka shiga tashar farko ka buga minti biyar. In saƙo ne, a ɗauko maka bidiyon hakan.

Ka ƙirga haƙoran kaset kafin ka biya. Na Famicom, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983, da yawancin kwafenta, haƙora 60 ne, 30 kowane gefe, gajere ne mai faɗi. Na NES ta Amurka da Turai haƙora 72 ne, dogo mai ruwan toka, ba ya shiga ramin wancan sai da mahaɗi. Kaset ɗin Rockin' Kats na asali irin dogon ne, kuma masu tara kayan tarihi sun sa ya yi tsada, ba shi kake buƙata ba.

Kaset ɗin da ya kwana shekaru cikin ƙurar hunturu ba zai tashi a karon farko ba, kada ka yanke masa hukunci. Kuma kada ka hura masa iska da baki kamar yadda kowa ya saba. Abin da ke sa ya tashi bayan hurawar shi ne cirewa da mayarwa, danshin numfashi kuwa shi ke cin haƙoran har su yi kore. Ka je farmasi ka sayi alkol mai digiri 90, ba mai 70 ba, wanda ruwa ya yi masa yawa. Ka jiƙa tsinken goge kunne, ka goga a kan haƙoran gefe ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka juya ɗaya gefen. Audugar za ta fito baƙa. Ka sauya wata, ka yi ta yi har ta fito fara, sau huɗu ko biyar ba abin mamaki ba ne, sannan ka bar shi minti 10 ya bushe. In akwai tabon da ya ƙi, farin magogin fensir yana ɗauke shi. Ban da reza, ban da takardar yashi, ban da fetur, domin rufin da ke kan haƙoran siriri ne ƙwarai, in ya tafi tsatsa ta sami ƙofa. Ramin na'urar kuma, ka naɗe tsohon katin roba da ƙyalle marar gashi, ka ɗiga alkol, ka tura ka zaro a miƙe. Kada ka ja shi gefe da gefe, zare yana kama haƙori ya lanƙwasa shi. Hoton kaset ya kalli gaba, kuma ba a sa shi ko a cire shi na'ura tana kunne.

Wurin da aka fi kashe waɗannan na'urori shi ne wajen wuta, a nan muke roƙonka ka yi a hankali. Wutarmu volt 220 ce. Adaftar da aka yi don Japan 100 take ɗauka, ta Amurka 120, in ka soka su a bango kai tsaye sai hayaƙi. Bakin adafta ya shiga rami kuma ba ya nufin ta dace. Famicom da yawancin tsofaffin kwafenta suna son volt 9 zuwa 10 na DC, wajen miliamfa 850, kuma tsakiyar bakin ita ce mai alamar ragi. Adaftocin da suka cika kasuwa yanzu, na dikoda da na wifi, yawanci volt 12 ne kuma tsakiyarsu mai alamar tarawa ce, wato kishiya. Adaftar NES ta asali kuwa AC take fitarwa, tana ƙone Famicom cikin daƙiƙu. Ka juya na'urar ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta, ka duba ɗan zanen da ke jikin adafta mai nuna wace alama ke zuwa tsakiya. In rubutun ya goge, kowane mai gyara yana da mita, ya auna maka kafin a jona. Amfa in ta fi yawa ba ta ɓarna, na'ura iya bukatarta take ja, volt da juyin alama su ne masu kisa. Masu sola kada su ja waya daga batir mai 12 kai tsaye. In an ɗauke wuta ka zare daga bango, don dawowarta ta fi tafiyarta haɗari.

Idan an kunna, abin da tele ta nuna yana faɗin ciwon. Allo mai kala ɗaya ba motsi, haƙora ne ba su haɗu ba, a sake gogewa. Kiɗa lafiya amma hoton ya wargaje kamar an zubar da tsaba, nan ma datti ne a ɓangaren haƙoran da ke ɗauko zane. Baƙin layi mai kauri yana hawa a hankali tare da gurnani a lasifika, adafta ce ta gaji ko kondansatar, wato ƴar gwangwanin da ke tace wuta a ciki, ta bushe, abin da zafin Afrilu da Mayu ke gaggautawa. Mai gyara zai ga wadda kanta ya kumbura, ya sa wata mai lamba ɗaya, volt ɗinta daidai ko sama, ya kula da gefen da ke da zane. In ba ta motsa ko kaɗan, a duba wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da aka rubuta wa 7805, shi ke sauke wuta zuwa volt 5. Ƙafar farko ta nuna aƙalla 7, ta tsakiya ita ce ta alamar ragi, ta uku ta nuna 5. Yana da araha, ana samunsa wurin masu kayan rediyo. In tana yi minti 15 ko 20 sannan ta daskare, zafi ne, a ɗauke ta daga kan katifa ko darduma a ɗora a tebur inda iska ke bi. Abu guda ne ba ya gyaruwa: kwafen baya-bayan nan duk ƙwaƙwalwarsu tana ƙarƙashin wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta a kan allo. In shi ya mutu, kada wani ya karɓi kuɗinka, a nemi wata na'urar. Manet ɗinsu mai rami 9 tana kama da ta Mega Drive, amma wayoyin ciki ba ɗaya ba ne, ba sa musanya.

Wajen haɗawa da tele, ka bar wayar eriya, ka bi ta AV, rawaya hoto, fara sauti. Telen yanzu suna gane PAL, saboda haka wannan karon za ka ga muzurun da shuɗinsa. In taka ba ta da waɗannan ramuka, akwai ɗan akwati mai suna AV2HDMI, mai mayar da AV zuwa ramin HDMI na telen zamani, da ke cin wuta ta USB. Ka karanta sunan da kyau, domin HDMI2AV kamarsu ɗaya sak amma aikinsa juyin wannan ne, masu kanti da kansu sukan ruɗe. Ka sa hoton a 4:3 don kada muzurun ya baje, ka kunna saitin wasa in telen tana da shi. Amma in akwai tsohuwar tele mai ƙeya da aka jingine a wani ɗaki, ita ce gidan wannan wasa. Ba ta jinkiri ko kaɗan, kuma don gilashinta aka yi zanen. Da tsohuwar zuma ake magani.

Game da kunya da maganar mai ɗakinka, Malam, ba abin kunya a nan. Kewar mamaci takan laɓe a jikin ƙaramin abu, wani hula ce, wani carbi, wani tsohuwar rediyo, kai kuma kiɗan wani wasa. Muna zaton ita jika 15 ta gani da na'urar da ba ta yi amfani ba, ba ta ga kawu a cikin lamarin ba, wataƙila don ba ka faɗa mata ba. Ka faɗa mata kamar yadda ka faɗa mana. Ku yanke iyakar abin da za a kashe, ka tsaya a kai. Manet da mahaɗin OTG ba su kai abin da ka riga ka kashe ba. Ka kuma shirya wa abu ɗaya: wasan zai yi maka ƙanƙanta. Abin da kuka kwashe hutun lekol kuna fama da shi, wanda ya iya yakan gama shi cikin awa ɗaya da wani abu, kuma ɗakin da kuka zauna da mutanen da ke ciki ba sa cikin kaset. Ranar farko tana iya zo maka da ƙunci maimakon daɗi. In haka ta faru ka ajiye manet, ka yi wa kawu addu'a, ka dawo wa wasan wata rana.

Ɗanka kuma kada ka zaunar da shi ya yi kallo. Yaron da ya saba da wasannin waya ba zai ga abin burgewa a hoton ba sai hannunsa ya shiga. Rockin' Kats na mutum ɗaya ne, saboda haka ku yi irin ta da, wanda ya mutu ya miƙa. Ku fara da tashar titunan birni, ka nuna masa naushin ƙasa tukuna, lilo ya biyo baya, shi ne mai wuyar. A waya kana iya ajiye wasan a kowane wuri ta Save State, ka ajiye masa dab da ramin da ke cin sa don kada ya gaji ya tashi. In kuna son ku buga tare a lokaci guda, Chip 'n Dale Rescue Rangers na 1990 yana ɗaukar mutum biyu, har ɗaya na iya ɗaga ɗaya ya tsallake da shi.

Ka kalli bidiyon a daren nan ka sanar da mu ko shi ne. In kuma na'urar kawu ta fito daga akwati, kada ka jona ta tukuna, ka fara aiko mana da hoton rubutun da ke ƙarƙashinta da na jikin adaftar.